Angon Tsintuwa

Ranar da ruwan teku ya sake cinye unguwarsu har gwiwa, Kinanti ta hawo tudun Candi tana tura babur ɗinta da ya mutu. Danang bakanike ne ya karɓa.

"Ruwan gishiri ya sha," in ji shi. "Ku mutanen gangare ai kwalekwale ya kamata ku saya."

"Ku kuma na tudu har yanzu ji kuke ku Turawa ne?"

Ba ta yi ƙarya ba. Turawan Holan suka gina Candi don gudun sauron Semarang, suka tafi suka bar mana gidajen da girman kan.

Gyaran awa ɗaya ya ɗauke shi kwana huɗu. A na biyar ya tura mata saƙo, yana kiranta Dik, wato ƙanwa: "Dik Kinan, babur ya warke. Mai gyaran ne ya kwanta."

Ta amsa tana kiransa Mas, wato yaya: "Sannu, Mas Danang. Gobe zan hawo dubiya."

Da maganar aure ta taso, kakar Kinanti ta tambayi inda gidan su Danang yake. Daga ƙofarsa zuwa tata, arewa ake yi sannan yamma. Haka muke kwantar da mamaci, kai arewa, fuska yamma, inda alƙiblarmu take. Tsohuwa ta ce ba da jikarta ba.

Danang ya zo wurina, don ni na koya masa karatun taswira a makaranta.

"Pak Harjo, ka je ka faɗa mata camfi ne."

"Shekara talatin ina faɗa wa matata haka. Ta rasu ba ta yarda ba."

Amma a bakin matar tawa, Sumarni, na taɓa jin maganin, ina mata dariya: iyaye su yar da ɗansu, wani ya tsinta, ango ya fito daga gidan mai tsintuwa. Na buɗe taswira. Gidana yana gefen yammacin tudu, daga nan gidan su Kinanti arewa ne maso gabas.

Ran Juma'a da hantsi uwar Danang ta zaunar da ƙato mai shekara ashirin da bakwai a mararraba, ta juya ta tafi tana kuka na gaske. Na fito da sandata.

"Ɗan waye wannan?"

Mai sayar da taliya ya yi dariya.

"To, na tsinta."

Kaka ta yarda. Kwana bakwai ya yi a ɗakin da Sumarni ta yi ta sharewa tana jiran ɗan da bai zo ba. Daga nan na gangara da shi aka ɗaura aure, ya durƙusa a gwiwata, na sa musu albarka, shi da Kinanti.

Da na dawo na tsaya gaban hotonta, na faɗi abin da ban taɓa samun faɗa mata ba.

"Marni, mun samu ɗa."