Jar Hular da Na Gani a Masaƙa

"Ɗan wa ka ce?" na tambaye shi.

"Malam Ya'u mai gyaran inji," Uwaisu ya maimaita yana murmushi. "Ya ce tare suka yi aiki da mahaifinki a wata masaƙa a Bompai... Badi'ata, lafiya?"

Muna tsaye ne a bakin ƙofar kamfanin robobin da muke aiki a Sharaɗa, an tashi, 'yan acaɓa sun cika wurin da hayaniya. Tun da muka fara soyayya kunya ta hana ni tambayar sunan mahaifinsa. Baba yake cewa, Baba nake cewa. Sai yau, da ya rage kwana kaɗan manyansa su zo neman aurena.

"Ubanka ne ya kashe mini uba," na ce. "Da idona na gani."

Kuma har ga Allah na gani. Ina 'yar shekara biyar, na kai wa Baba abincin rana, na leƙa ta ƙofar masaƙa. Baba ya sunkuya cikin inji yana cire zare. Wani dogo mai jar hula, wanda na taso da sanin Ya'u sunansa, ya waiga, ya danna makunni, injin ya tashi. Har ƙarar faɗuwar kwanon da ke hannuna ina ji.

A hankali Uwaisu ya ce, "Masoyiyata, ki saurare ni. A makarantar yamma malaminmu ya taɓa nuna mana hoton haɗarin mota. Da aka kwana biyu ya tambaye mu ko mun ga fasasshen gilashi. Rabin aji muka rantse mun gani, alhali babu shi a hoton. Tambayar ce ta dasa mana shi..."

"Boko za ka karanta mini a kan jinin ubana?"

"Ki zo ki ga Baba kawai."

"Kada ka sake kirana."

Na hau acaɓa ina kuka har gidanmu a Zawaciki. Ina son Uwaisu kamar raina, wannan shi ya fi ƙona mini zuciya.

Da na faɗa wa Umma, mahaifiyata, sai ta saki muciya. "In kika shiga gidan nan ban yafe miki ba," ta ce. Ban musa ba, ni ma abin da ke raina ke nan.

Washegari Gwaggo Ladidi, yayar Babana, ta iso daga Ringim da ƙullin daddawa da murnarta, don ita za ta tarbi baƙi masu neman aurena. Ta tarar da gida tsit. Na zauna na ba ta labari tun daga kwanon abinci har jar hula.

Da na gama, sai ta tambaye ni.

"Ke Badi'a, wa ya kai abinci?"

"Ni mana, Gwaggo."

"Ranar da ɗan'uwana ya rasu kina Ringim a ɗakina, ƙyanda ta rufe ki ko ido ba kya buɗewa. Ni na goyo ki na kawo ki ranar sadakar uku."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. "Amma Gwaggo, na gani..."

Gwaggo ta juya wajen Umma. "Atika, ke kin gani?"

"Ina zan gani, Yaya? Ai yarinyar ce ta ba ni labari. Na ɗauka rashin lafiyar daga baya ne..."

"Umma, ai ku kuka ce mini ina wurin."

Shekara da shekaru ni na dogara da ita, ita ta dogara da ni.

Gwaggo ta yi salati ta zauna dirshan. "Zaman makokin nan ne. Ɗaki cike da mata, ke kina cinyata. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce yaya abin ya faru, sai a sake bayarwa daga farko. Wannan ta ce wani ne ya kunna injin. Waccan ta ce ina Ya'u abokinsa, me ya hana shi zuwa gaisuwa? Har wata ta shafa kanki ta ce, 'Allah sarki, mai kai wa Baba abinci, kin gani ko?' Kika gyaɗa kai. Na ɗauka maganar ta mutu a ɗakin."

"To jar hular fa?" na tambaya.

"Ta babanki ce. Tana rataye a ƙusa, daidai inda kike fuskanta."

Umma ta fashe da kuka. Ni kuwa kukan ma ya ƙi zuwa. Ashe hular ubana na ɗora a kan wanda na tsana tsawon rayuwata.

Da la'asar na kira Uwaisu. Bai tambaye ni komai ba, ya zo ya kai mu gidansu a Dakata, ni da Gwaggo.

Wani gajeren dattijo fari ya taso daga tabarma. Ko kusa bai yi kama da dogon nan ba. Ya miƙa wa ɗansa hannun hagu, sai a lokacin na lura na daman ya tsaya a gwiwar hannu.

"Wuta ce ta dawo ba zato, 'yata, injin ya tashi da kansa," ya ce. "Na ja mahaifinki iya ƙarfina, injin ya fi ni, har ya tafi da hannuna. Ina asibiti aka yi makoki. Da na fito na ji abin da ake faɗa, sai na kasa haɗa ido da mahaifiyarki."

Na durƙusa a gabansa. "Baba, ku yafe mini..."

"Me kika yi? Yarinya ce ke."

Umma da kanta ta dafa abincin tarbar manyan Uwaisu, aka ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah.

Har yau in na rufe ido ina ganin dogon nan yana danna makunni, sarai kamar jiya. Na faɗa wa Uwaisu, ya riƙe hannuna ya ce ƙila ba zai taɓa gogewa ba. Sai dai kullum da safe ni nake zuba wa Baba Ya'u ruwan alwala, don da hannu ɗaya buta tana ba shi wahala.