Muryar da Nazeer Ya Tono

Yanzu babu muryar Malam Ɗahiru a ko'ina. Ba ta a kaset, ba ta a waya. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukarta, ga kuma yadda aka yi ta salwanta.

Malam Ɗahiru mutumin Zaitawa ne, yana ba da karatu a zaurensa bayan la'asar. Wata rana ruwa ya tsare ɗalibai, ba wanda ya zo, amma bai fasa ba. Ya buɗe littafi shi kaɗai, yana karantawa yana fassarawa, yana ɗan yin shiru bayan kowace jimla. 'Yarsa Zaituna ta lallaɓa ta ajiye ƙaramar wayarta a bakin ƙofa ta ɗauka, don ta tsokane shi. Da ya rasu, wannan kaɗai ya rage. Sai dai ruwa na dukan kwano, janaretan maƙwabta na ruri, da ƙyar ake tsintar maganarsa.

Babban ɗansa Nazeer yana da ɗan shago a Gwale, yana tura wa mutane waƙa da karatu a waya. Ya san aikin sauti. A kwamfutarsa akwai manhajar da yake kunna waƙa da ita, ya liƙa mata wasu ƙanana da masu sana'ar ke kira filogin: wani na kashe hayaniya, wani na ɗaga abin da ya yi ƙasa. Ya yi wa mahaifiyarsu, wadda suke kira Gwaggo, alkawarin kafin sadakar arba'in za ta ji Malam kamar yana zaune a gabanta.

Ran nan da yamma ya zauna a zauren da kwamfutar a cinya. Ya danne ruwa. Ya danne janareta. Muryar Baba ta fito fes, har da jan numfashinsa. Nazeer ya share hawaye. Da a nan ya tsaya, da shi ke nan. Amma sai ya ji kamar akwai motsi a cikin shirun nan da Baba ke yi, ya ƙara ɗaga ƙananan sautuka, ya ƙara, ya buɗe sifika.

Mace ce. Baba ya faɗi jimla, ita ta maimaita, a hankali, da murya siririya kamar daga cikin rijiya.

Ana kiran sallar magariba dutse ya faɗo a kan kwanon gidan. Ya fita ya duba, lungu ba kowa. Wani ya sake faɗowa, wannan karon a tsakar gida, gefen Gwaggo da ke alwala.

Bai gaya wa kowa abin da ya ji ba. Washegari ya sake kunnawa don ya tabbatar, jibi ma haka. Kullum rana ta yi ja sai duwatsu su soma. Kaji suka daina shiga akurki. Zaituna ta daina cin abinci, sai ta zauna a lungun zaure ta ja mayafi har hanci, tana kallon bango. In an yi mata magana ba ta amsawa. Ran da Nazeer ya taɓa kafaɗarta ya ce, "Zaituna, tashi mu shiga," sai ta soma karanto darasin Baba, jimla bayan jimla, da siririyar muryar nan.

Gwaggo ta aika aka kirawo Malam Ashafa, abokin karatun marigayi, wanda ya san ruƙiyya. Ya zo gab da magariba. Ya sa Gwaggo ta riƙe 'yarta, ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu. An jima jikin yarinyar ya sanƙare, siririyar muryar nan ta fito daga bakinta.

"Malam, daina ƙona ni. Ni ma Musulma ce."

"To me ya kawo ki jikin marainiya?"

"Tambayi wancan mai tone-tonen." Kan Zaituna ya juya wajen Nazeer, idonta a rufe. "Shekara da shekaru ina ɗaukar karatu a lungun nan. Malam ya san da ni, bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba. Mijina bai yarje mini zuwa ba, a ɓoye nake zuwa. Ruwa da ƙarar inji suka suturta ni, kai ka yaye. Ka sa ni a sifika da magariba, lokacin da mutanenmu ke wucewa. Mijina ya ji. Ya kore ni, ya riƙe 'ya'yana."

Nazeer ya ce, "Wallahi ban sani ba. Muryar Babana nake nema."

"Ka same ta ai. Me ya hana ka tsayawa?"

Malam Ashafa ya tambaye ta abin da take so.

"Kunnuwansa. Ya kurumce, in tafi."

"Ba za ki samu ba. Ɗalibar Ɗahiru ba ta yi wa ɗansa haka."

Sai ta ce to a goge muryar. Nazeer ya yi saurin cewa zai cire filogin ɗin duka, ya mayar da hayaniyar yadda take, ba mai ƙara jin ta.

"Gobe wani ya sake tonowa? A goge duka, har na wayar yarinyar."

Ya dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi 'yarta, wadda wuyanta ya rame kamar na mai jinyar shekara.

"Baiwar Allah," in ji Gwaggo, "a bar ni in ji shi sau ɗaya."

"Da ruwansa da injinsa. Ba da tsiraicina ba."

Nazeer ya kashe filogin ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya kunna. Ruwa ya cika zauren, janareta na ruri. Can ƙasa Malam Ɗahiru na magana, kalma ta fito, biyu su nutse. Gwaggo ta kara kunnenta a jikin sifika har ya ƙare. Ta ɗago ta ce, "Goge, Nazeer."

Ya goge na kwamfuta, ya goge na waya, ya ciro memorin wayar ya miƙa wa Malam Ashafa, shi kuma ya jefa a garwashin turare. Malam Ashafa ya sa baiwar Allah nan ta rantse ba za ta dawo ba. Ta rantse, ta yi wa marigayi addu'a, ta yi sallama. Zaituna ta yi atishawa ta sulale jikin uwarta.

Da ta farfaɗo ta sha ruwa, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ba ta san abin da ya faru ba. Ta ga kwamfutar a buɗe, fuskarta ta ɗan washe.

"Yaya, ka gama gyarawa? Sa min in ji Baba."

Mai karatu, ka taya mu da addu'a. Allah Ya jiƙan Malam Ɗahiru, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Zaituna haƙuri, Ya mayar da baiwar Allah nan ga 'ya'yanta. Abin da Ya rufe, Ya hana hannunmu kaiwa gare shi. Amin.