Iya Tabawa da Kajin Teku

Ranar Laraba, tara ga Afrilu, gari ya waye da rana mai zafi a wani tsibiri. Iya Tabawa, gwanar kiwon kaji, ta je hutu can da jikarta Hindatu.

A bayan wata igiya, tsuntsayen teku suna kwance kan ƙwai a yashi.

"Ko akurki babu," in ji Iya. "Bari in duba."

"Iya, an ce kada a tsallake igiyar."

"Ni za a koya wa kaza?"

Ta tsallake, ta kai hannu ga wata tsuntsuwa. A gida takan ɗaga kaza ta duba ƙwai, kaza ta yi haƙuri. Wannan ba ta yi haƙuri ba. Ta tashi, ta sakar wa Iya kashi a sabon ɗankwali, ta bar ƙwanta ɗaya tilo a fili. Sai ga hankaka yana matsowa.

Iya ta dubi hankaka, ta dubi ƙwan. Ta ja da baya, ta ƙara ja da baya, har bayan igiya, ta zauna. Can uwar ta sauko, ta kori hankaka, ta kwanta.

Kashegari Iya ta aika wa ƙanwarta wasiƙa: "Kajin nan ba su da kunya. Daga nesa ake gaishe su."