Shafukan da Harrison Bai Tura Ba

Magariba ta kawo jiki a unguwar Television, Jemimah na tsince shinkafa a tsakar gida, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗauka daga maƙwabta ne. Na biyu ya biyo baya. Na uku kuwa daga ɗakin ɗanta Harrison ya fito, ɗakin da ke kulle tun bayan makokinsa.

Wata biyu ke nan da mota ta kaɗe shi a hanyar Kakuri. Shekara guda ya yi yana gina manhajar yanar gizo ta tunawa da ma'aikatan tsohuwar masaƙa, har da ubansa, marigayi Ishaya. Kullum da yamma yana bakin taga yana danne-danne. In ta leƙo sai ya rufe kwamfutar yana dariya, ya ce, "Mama, ki bari sai ya hau. Shafin farko naki ne."

Ana gobe zai rasu ya tura aikin kan yanar gizo. Bayan makoki aka raba kayansa ga dangi kamar yadda aka saba, ita da hannunta ta miƙa wa kawunsa Nelson kwamfutar, shi kuwa ya kai aka goge ta tas saboda 'ya'yansa. Sai daga baya ƙanwarsa Lizzy, wadda ta ɗan koyi aikin a wurinsa, ta buɗe adireshin, ta tarar da farin allo da layi ɗaya: ba a sami fayil ɗin shafi ba. Kwana uku tana bincike kafin ta gane. Foldar da fuskokin shafukan ke ciki, rubutu da tsari duka, tana cikin jerin abubuwan da ya hana turawa tun yana gwaji, ya manta bai cire ta ba. Inji ya hau, fuska ta zauna a kwamfuta, kwamfutar kuwa an share ta. Jemimah ba ta zargi kowa ba sai kanta, abin yana cinta kamar gara.

Mako guda ana jifan, kullum daidai lokacin da Harrison ya saba zama. Fasto ya zo ya yi addu'a, aka sami sauƙin kwana ɗaya. Ran nan da yamma ta iske ɗakin a buɗe, Lizzy na kan kujerar yayanta, ido ƙur ba ƙiftawa, yatsunta na dukan tebur da ba komai a kai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jemimah, 'yar zumuntar mata a coci, ta hau keke zuwa Unguwar Mu'azu ta ɗauko Malam Tanimu mai ruƙiyya, wanda suka yi shekara ashirin suna aiki inji kusa da inji da mijinta a masaƙa. Ya zauna kan tabarma, ya daɗe yana karatu.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

Muryar da ta fito daga bakin Lizzy ta tsoho ce, a dashe. "Tun da aka rufe masaƙa nake can ni kaɗai. Yaron nan ya zo ɗaukar hotuna, na biyo shi. Shi kaɗai ya tuna da mutanen da na saba jin hayaniyarsu. Kullum ina bayansa yana rubutu. Kuka goge."

"Ba da gangan aka yi ba. Me kake so?"

"Na haddace kowane layi. A bar mini yarinyar wata uku, in mayar da shafukan da hannunta."

Malam ya juya ga Jemimah. "Maman Harrison, ban san ko gaskiya yake faɗa ba. Abin da na sani, aljanin da ya zauna wata uku, in ya tashi ba lallai ya bar miki 'yar da kika sani ba. Ke za ki ce."

Jemimah ta matso. "Me ya rubuta mini a shafin farko?"

"Sai na zauna za ki gani."

Ta dubi yatsun 'yarta, har sun kumbura, ba su daina bugu ba. Ba ta taɓa son sanin wani abu a duniya kamar wannan ba. Ta kama hannun ta riƙe gam, hawaye na zuba.

"Malam, ka fitar da shi."

Aljanin ya yi kuka irin na mai makoki, ya roƙi abu ɗaya, a kai kujerar Harrison bakin katangar masaƙa a ajiye masa. Malam ya karɓi alkawari ba zai dawo ba. Lizzy ta yi atishawa sau uku, ta zube jikin uwarta.

"Mama, me ya sa kike kuka?" ta tambaya da muryarta.

Washegari aka kai kujerar, jifa ya tsaya. Lizzy ta ce za ta gina wasu shafukan, uwar ta ce ta yi, amma a wani adireshin, a bar wannan yadda mai shi ya bar shi. Har yau, in magariba ta yi, Jemimah kan ajiye faifan shinkafa ta buɗe adireshin Harrison a wayarta. Farin allon ya fito, ta daɗe tana kallonsa, don shi ne shafin farko, nata ne.