Ambulan Mai Jan Hatimi

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar wadda mahaifinta kafinta ne. Shagonsa yana ƙarshen layinsu, tsakanin mai aski da mai gyaran keke. Tun tana ƙarama take son zama a bakin ƙofa tana kallon aikinsa. Zai ɗauki katako mai kaushi, ya auna, ya yanka, ya goge. Kafin yamma sai ga kujera tsaye da ƙafafunta huɗu. Abin bai taɓa daina ba ta mamaki ba.

Ana nan sai annoba ta shigo gari. Ma'aikatan hukumar gari suka bi layin suna manna takarda mai jan hatimi a kowace ƙofa. Daga ranar aka rufe shaguna. Wata da watanni Baba yana zaune a gida. Har injin yankan katakonsa ya sayar don iyalinsa su ci abinci.

Da cutar ta lafa, Baba ya koma shago da zarto da guduma kawai. Aikin yini ɗaya ya koma na mako guda.

Wata rana yarinyar tana tsaron shago, sai ga wani mutum da jaka a kafaɗa.

"'Yan mata, ina mai shagon?"

"Ya je sayen ƙusa."

"To, ga wannan daga hukumar gari. Ki ba shi hannu da hannu."

Ta karɓi ambulan ɗin. Tana juya shi ta ga jan hatimi. A ranta ta ce, "Sun dawo su sake rufe mana shago." Ta tura shi cikin littafin lissafinta, ta ja bakinta ta yi shiru.

Bayan mako biyu, layin ya fara canzawa. Aka kawo wa mai aski kujera mai juyawa da madubi mai tsayin mutum. Mai gyaran keke ya samu injin hura taya. Tela ta samu keken ɗinki mai aiki da lantarki. Yarinyar ta riƙa tsayawa tana kallo, baki buɗe. Layin da ya yi tsit kamar an share shi, yanzu ko'ina ƙarar aiki ce.

Shagon Baba kaɗai ne bai canza ba.

A gida Mama ta tambaye shi, "Wai kai ba su kira ka ba ne?"

Baba ya ce, "Ba su kira ni ba. Ƙila sun manta da ni. Kowa da rabonsa."

Yarinyar ta saci kallon littafin lissafinta.

Washegari a makaranta, ta jira kowa ya fita hutun tara. Ta je wurin Malama ta miƙa mata ambulan ɗin, ta faɗa mata yadda aka yi. Malama ta ce, "Wasiƙar mahaifinki ce. Ni ba zan buɗe ba. Amma na san irinta. Hukuma tana kiran masu sana'a ne don ta taimake su su farfaɗo. Ki kai masa yau, kada ki ƙara ko kwana ɗaya."

Da aka tashi, ta wuce shago kai tsaye. Ta durƙusa a gaban Baba, ta ajiye ambulan ɗin a kan teburin aikinsa.

"Baba, na yi laifi. Ni na ɓoye. Na zaci za su sake rufe shagon ne."

Baba ya buɗe ya karanta. Ranar da aka ce ya je ta wuce da kwana tara.

Ya dube ta ya ce, "Na san tausayina kika ji. Amma saƙo amana ne, 'yata. Ko mai daɗi ne ko marar daɗi, mai shi ake kai wa. Gobe tare za mu je, ki yi bayani da bakinki."

Da safe suka isa ofishin. Jami'ar da ke kula da shirin ta saurari yarinyar har ta gama. Sannan ta ce, "An riga an raba injinan farko. Sai mahaifinki ya jira wata biyu."

Hawaye suka cika idon yarinyar. Jami'ar ta miƙe ta ce, "Ku biyo ni tukuna."

Ta kai su bayan ginin, ta tura wata babbar ƙofar ƙarfe. Yarinyar ta tsaya cak.

Wani makeken zaure ne, rufinsa can sama, haske yana zubowa ta tagogi. Maƙera suna walda, tartsatsi yana tashi kamar taurari. Teloli sun jeru reras. Wata tsohuwa mai tabarau tana koyon tallar kayanta a waya, wani saurayi yana nuna mata. A gefe guda ga injin katako, ya fi wanda Baba ya sayar girma sau uku.

Jami'ar ta ce, "Lokacin annoba, a nan aka jera gadajen marasa lafiya. Da suka warke suka koma gida, sai muka ce sana'o'i ma sun yi jinya. Shi ne muka kawo su nan. Kafin naka ya iso, Malam kafinta, kana iya aiki da wannan kullum."

Baba ya shafa injin a hankali. Ya ɗora katako, ya danna maɓalli. Kafin ƙiftawar ido katakon ya fito ta ɗaya gefen sumul. Yarinyar ta taɓa shi da yatsa, ta saki baki.

Baba ya yi murmushi ya ce, "Rufe bakin nan, kada ƙuda ya shiga."

Wata biyun nan ba su zo da sauƙi ba. Kullum Baba yana tura katako a baro zuwa zauren, ya turo kujeru zuwa shago. Ranar da babu makaranta, yarinyar ce mai riƙe masa igiyar da ya ɗaure kayan da ita. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, don ta san dalilin wahalar.

Daga baya injin Baba ya iso. Hukuma kuma ta ba kafintocin gari aikin sababbin teburan makarantu. Ran da aka kawo na ajinsu, ta leƙa ƙarƙashin nata, ta ga alamar shagon mahaifinta. Malama ta ce ta tashi ta faɗa wa 'yan aji abin da ta koya.

Ta miƙe ta ce, "Idan aka ba ka saƙo, ka kai wa mai shi. Idan wani abu ya ba ka tsoro, kada ka ɓoye shi. Ka tambayi manya."

'Yan aji suka tafa mata, ta zauna a sabon teburinta.