Gonar Da Ba A Cewa A'a

Ku matso in ba ku labarin ɗan mai gona, wanda ya gaji ƙasa da injin ban-ruwa, amma bai gaji kunnen ubansa ba.

Marigayin, kullum da safe kafin a raba aiki, sai ya zauna gindin randar ma'aikata. A sha ruwa a moɗa ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani: wannan ya ce tsutsa ta shiga tumatir, wancan ya ce bututu na yoyo. Har musu ake yi da shi. Ɗan kuwa ya ɗauki wannan raini. In ya ce a yi feshi, sai Baba mai ban-ruwa, tsohon da ya goya shi yana jariri, ya ce, "A'a, ɗana. Da wannan iskar? Maƙwabta za ka yi wa feshi kyauta." A yi dariya. Shi kuma ya shige ofis ya turo ƙofa, ya ci abincinsa shi kaɗai. Ma'aikata suka fara zamewa, gona ta soma ja da baya.

Ran nan ya nufi wani boka a bayan tsohon ɗakin niƙa. Rana tsaka ce, amma ciki kamar kabari. Ƙahoni a rataye, tukwane a kife, ƙasa ta yi baƙi da tsohon jini.

Ya ce, "Dukiya nake so, da ma'aikatan da ba sa mayar min da magana."

Boka ya ce, "Ai tafiyarsu ɗaya. Kawo min moɗar ubanka da harshen baƙin bunsuru."

"Nawa ne?"

"Riƙe kuɗinka. Kalma ɗaya zan cire daga bakin duk wanda ya sha ruwan randarka: a'a."

"Ita ke nan?"

"Ita ke nan. Amma abin da na ɗauka ba na mayarwa."

Da ya kawo, boka ya ɗinke harshen da baƙin zare, yana ɗinki yana kiran wasu sunaye, harshen na motsi a hannunsa. Aka sa a moɗa, aka binne ƙarƙashin randa.

Wayyo, ku ga aiki! Kome ya ce, sai "To, maigida." Gona ta yi kore shar, motoci na layin ɗaukar kaya, ya saye gonakin maƙwabta. Sai dai babu mai waƙa a bakin aiki, babu mai zolaya. Ya gaishe su, su ce, "To."

Wata safiya ya ce wa Baba, "Tsaya bakin injin nan, kada ka gusa sai na dawo." Ciniki ya riƙe shi a kasuwa, ya manta. Sai da ya kwana biyu ya dawo, ya tarar da tsohon a ƙame, hannu kan inji, rana ta gama da shi. Ma'aikata sun yi ta wucewa ta gefensa, ba wanda aka ce ya ba shi ruwa.

Ya isa gida. 'Yarsa, wadda ke kai masa abinci gona, ta taho da gudu tana "Baba, Baba!" Ya daka mata tsawa, "Yi min shiru!" Ashe ta sha ruwan randar. Ta ce, "To." Daga nan ba a ƙara jin muryarta ba. Uwar ta yi ta jijjiga ta har ita uwar hankalinta ya gushe, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da su biyun.

Ya fasa randa, ya tono moɗa: harshen ɗanye shar. Ya koma ɗakin niƙa, babu boka, sai tukwane a kife. Ya dawo ya tsaya tsakar gona yana kuka, ya ce, "Ku tafi ku bar ni!" Suka ce, "To, maigida." Suka ajiye fartanyu suka fice.

Yana nan har yau gindin fasasshiyar randa, ciyawa ta cinye gonar. Duk wanda ya gifta sai ya riƙe masa riga: "Don Allah ce min a'a. Ce min na yi kuskure." Mutane kan tsorata, su ce, "To, to," su ƙwace su wuce.

Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, 'ya'yan nan. In Allah ya ɗora ku kan mutane, wanda ke iya duban idonku ya ce a'a, ku riƙe shi da hannu biyu. Ranar da kuka toshe bakinsa, kun fara haƙa ramin da ba mai ce muku ku tsaya.