Kwamfutar da Ke Ƙarƙashin Kwalaben Tattasai

A garin Niš akwai wani yaro ɗan aji shida wanda ya san komai game da kwamfuta. Shi ne ya faɗi haka, kuma a gidansu ba wanda ya iya ta har ya musa masa.

Kwamfutar gidan ta tsufa. In an kunna ta, Mama takan dafa kofi ta shanye kafin kwamfutar ta farka. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ma, masu ita sun daina kula da ita. Sai Baba ya sayo sabuwa, mai sabuwar manhaja.

"Ka kwashe kayanmu daga tsohuwar ka zuba a wannan," in ji Baba. "Kawunka Radoje zai tafi da tsohuwar ƙauye. Zai goge ta tas, ya ba yaransa."

Kaka Stanka ta leƙo daga kicin. "Injiniya, kar ka manta da waƙoƙin kakanka."

Kakansa Vukašin ya rasu bara. Kafin rasuwarsa an ɗauki muryarsa yana waƙa. Duk Lahadi bayan abincin rana, Kaka takan zauna ta saurara. Waƙoƙin nan babu su ko'ina sai a tsohuwar kwamfuta.

"Kaka, wannan ai ba aiki ba ne," in ji yaron.

Abokansa suna jiransa a filin ƙwallon kwando. Ya kwashi 'yan hotunan da ke fuskar kwamfutar ya zuba a filashi, ɗan abin ajiyar bayanai, ya juye su a sabuwar.

Baba ya ce, "Ka buɗe ka ga suna aiki?"

"Na duba," in ji shi, yana ɗaure takalmi. Bai duba ba.

Ranar Lahadi Kaka ta jawo kujerarta. Yaron ya latsa hoton waƙoƙin. Kwamfuta ta ce ba ta same su ba. Ya sake latsawa. Da yake sabuwa ce, ba ta ɓata lokaci ba wajen sake gaya masa.

Nan ya gane. 'Yan hotunan nan alamu ne kawai masu nuna hanya. Waƙoƙin kansu suna can wani wuri a cikin tsohuwar, ita kuwa Kawu Radoje ya riga ya tafi da ita.

"Ba komai," in ji Kaka. "Ai na haddace su." Ta mayar da kujerar, ta shiga kicin. Da ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Ya je wurin Baba. "Baba, ƙarya na yi maka. Ban duba ba."

Baba ya kira Kawu Radoje, ba a ɗauka ba. Lokacin gasa tattasai ne, ba mai ɗaukar waya a ƙauye. Sai suka shiga mota.

Sun tarar da Kawu a tsakar gida cikin hayaƙi, yana juya ƙatuwar tukunyar miyar tattasai ta ajiyar hunturu.

"Radoje, ka goge kwamfutar?" in ji Baba.

"Da wane hannun, suruki? Da wannan mai muciya, ko da wannan mai itace?"

Kwamfutar tana ɗakin ajiya. Matar Kawu, Dragica, ta shimfiɗa mata ƙyallen saƙa, ta jera kwalaben tattasai a kai.

"Tsayinta daidai ne," in ji ta. "Ban taɓa ganin kwamfuta mai amfani irin wannan ba."

Yaron ya sauke kwalaben a hankali, ya kunna ta. Wannan karon bai ji haushin jira ba. Ya nemo waƙoƙin, ya kwafe, sannan ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya daga filashin. Muryar tsohon ta fito har tsakar gida. Kawu ya daina juya tukunya, don muryar mahaifinsa ce. Hayaƙi ne ya shiga masa ido, in ji shi.

Sai ya miƙa wa yaron babban kwano cike da gasasshen tattasai. "Injiniya, ɓare. Shi ma a duba da kyau."

Ya yi ta ɓara har yamma, yatsunsa suka yi baƙi.

Lahadin da ta biyo, Kaka ta saurari waƙoƙin a sabuwar kwamfuta har ƙarshe.

"Ka ji shi," ta ce. "Nan ma sai da ya ɓata baiti na biyu."

Tun daga ranar yaron ya riƙe abu biyu. Ba ya rabuwa da tsohon abu sai ya tabbatar sabon yana aiki. Kuma ba ya cewa ya duba abin da bai duba ba.